Faifan da Mai Tabarau Ya Kawo

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna cewa ina wahalar da bawan Allah, yau ku gyara zama ku ji nawa ɓangaren. In kun gama sai ku yanke hukunci, don ni kam abin ya fi ƙarfin kaina.

Ni ce auta a gidanmu, shekarata ashirin da tara, kuma sana'ata ceto bayanai daga faifan ajiya na kwamfuta idan ya mutu, wanda kuka fi sani da had-dis. Shagona ɗaki ɗaya ne a hawa na biyu na wani dogon bene, can ƙarshen baranda, bayan mai ɗinkin labule. Taga ɗaya gare shi, ita ma bangon wani benen take kallo. Tebur biyu, kujera biyu, fanka mai ƙara, sai kwalaye cike da faifan da masu su suka haƙura suka bari. Maigidana da ya koya min aikin shi ya bar min wurin da idonsa ya yi rauni. Akwai ranar da zan buɗe in rufe ban ji muryar ɗan Adam ba sai tawa, ina yi wa ƙarfe magana.

A gida ma ba ta canza zani ba. Tun rasuwar Innarmu nake zaune a gidan Yaya, ɗakin ƙarshe kusa da tankin ruwa. Ba wanda ya taɓa min kallon banza, wallahi, kar in ɗauki alhaki. Amma in na dawo suna falo shi da matarsa da yara suna kallo, sai in gaishe su in wuce, dariyarsu ta riƙa biyo ni ta ƙasan ƙofa.

Shi kuwa wanda ake ta magana a kansa abokin Yaya ne, mai auna ido yana yanka gilashi. Mai Tabarau nake ce masa, a zuciyata dai. Wata shida ke nan duk Asabar da yamma sai ya zo, in sa doguwar rigata mai ruwan toka, in yafa mayafi, in zauna a kujerar da ta fi nisa da tasa.

"Ya aiki?"

"Lafiya lau."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

Shi ke nan an gama hira. Shi ya kalli agogon bango, ni in kalli zanen kafet, har lemon da aka kawo masa ya huce. Ba ƙin sa nake ba, ku fahimce ni. Bakina ne yake mutuwa idan aka zaunar da ni aka ce to, yi magana.

Ranar Lahadi Goggo, ƙanwar babanmu, ta zo musamman saboda ni. Ko takalmi ba ta gama cirewa ba ta fara.

"Auta, mutum ba icce ba ne da za a dasa shi a falo wata shida. Ranar Juma'a zan dawo. E ko a'a, ki faɗa da bakinki, a sallami ɗan mutane."

Yaya ya ce, "Ba mai yi miki dole. Amma shirun nan naki ya isa haka."

Na ce to. Na shiga ɗaki na zauna a bakin gado ina kallon bango, ban san amsar ba, kuma ba ni da wanda zan tambaya.

Litinin da hantsi ina kan aiki aka ƙwanƙwasa. Ina ɗago kai sai ga Mai Tabarau a bakin ƙofa, cikin farar riga mai guntun hannu, yana haki don benenmu ba ya raga wa kowa. Bai taɓa zuwa shagona ba. Ya ajiye wani abu a nannaɗe cikin hankici, ya warware a hankali. Faifai ne babba, irin na kwamfutar tebur, gefensa duk ƙura.

"Injiniya, an ce in ya gagare ki to sai dai a binne shi."

"Me ya same shi?"

"Kwamfuta ba ta ganin sa."

"Me ke ciki?"

"Abin da ke ciki ba shi da madadi."

Sai na tuna Yaya ya taɓa cewa bara mahaifiyar Mai Tabarau ta rasu. Na sassauta murya na ce, "Hotunan Hajiya ne?"

Ya sunkuyar da kai, ya cire tabaraunsa yana gogewa da gefen riga, bai ce komai ba. Ni da na san zafin rashin uwa, ai ban buƙaci ƙari ba. Na ce ya tafi, ya bar min.

Na jona masa wuta na kara kunnena. Mu a sana'armu kunne ke fara aiki kafin ido. Faifan da allurarsa ta lalace ƙas-ƙas yake yi, wanda injinsa ya maƙale kuma sai ya yi gurnani ya yi shiru. Wannan kuwa ya tashi sumul, yana juyawa lafiya ƙalau, ba ko tari. Amma kwamfuta ta ce ita ba ta ga kowa ba. Na canza kebul, na canza kwamfuta, na kwance koren allon da ke bayansa na duba da madubin ƙara girma, na shinshina ko zan ji ƙauri. Babu. Na mayar na ɗaure, na jona shi a na'urar gwaji, sai fitila ɗaya ta kama ta ƙi mutuwa, wadda ke nufin yana cikin aiki, a jira shi. Na jira minti ashirin. Har yanzu a jira shi.

Nan na gane ciwon. Ban san lokacin da na ɗauki waya ba.

"Ina da labari mai daɗi. Ba a jikinsa ciwon yake ba, a kansa ne."

Ko minti ɗaya ba a yi ba ya amsa. "Faifai ma yana da kai?"

Na gyara zama na shiga rubutu. Na ce masa kowane faifai yana da wata ƙaramar manhaja da aka dasa masa tun daga masana'anta, famweya muke ce mata, ita ke tuƙa shi daga ciki. Ita kuma tana da ɗan littafinta da take rubuta duk abin da ya same ta, zafi, faɗuwa, ɗaukewar wuta. Irin wannan faifan an haife shi da wani kuskure. Idan aka kashe shi daidai lokacin da littafin ya kai wani layi, to ran da aka kunna sai ya tsaya yana karanta layin nan, ya karanta ya sake karantawa, ba ya gaba ba ya baya. Kayan da ke cikinsa suna nan ba abin da ya taɓa su. Amsawa ce kawai ba zai yi ba.

Ya rubuto, "Ke nan yana ji, bakinsa ne ya mutu."

Na daɗe ina kallon saƙon. Na ji maganar har cikin ƙirjina.

Talata ta ƙare a neman hanyar yi masa magana. A bayan faifai, kusa da inda ake jona kebul, akwai wasu 'yan ƙusoshi ƙanana kamar haƙoran mataji, ƙofar baya ce da masu ƙera shi suka bar wa kansu. Na haɗa siraran wayoyi uku daga nan zuwa kwamfutata, ɗaya ta faɗa, ɗaya ta ji, ɗaya ta ƙasa. Allo ya yi baƙi ƙirin, ba ko ɗigo. Ashe na juya ta faɗa da ta ji, kuskuren da ko sabon shiga zai ji kunyarsa. Na gyara, sai ga tarkacen alamomi suna zubowa kamar kaji sun yi tsere a kan takarda. Saurin maganarmu ne bai zo ɗaya ba. Na ɗauki hoton na tura masa.

"Wannan da shagona ya zo da na ce ya karanta layin ƙasa na allon auna ido," in ji shi.

Na yi dariya ni kaɗai har mai labule ya leƙo ya ga ko lafiya.

Jama'a, a ranar nan kaɗai saƙo arba'in da ɗaya na tura wa mutumin da wata shida ban haɗa masa jimla biyu ba. Yana tambaya, ina amsawa. Ya tambaye ni yadda na fara aikin, na ba shi labarin Maigidana da yadda ya hana ni taɓa faifan kowa sai da na yi wata uku ina kwance matattu ina ɗaurewa. Ya ba ni labarin tsohuwar da ya yi wa tabarau, ta kalli mijinta ta ce a mayar mata da tsohon. A gida ma ina cin abinci wayar na kan cinyata, har matar Yaya ta taɓe baki tana murmushi, ta ce, "Auta, yau kuma da wa?" Na ce kwastoma ne.

Laraba ce ranar aikin gaske. Na kulle ƙofa, na kashe fanka, na tabbatar batirin ajiya ya cika, don in wuta ta ɗauke a tsakiya to an yi ba a yi ba. Matsalar ita ce muddin allon bayan yana haɗe da cikin faifan, zai je ya karanta layin nan ya sake maƙalewa kafin ya saurare ni. Sai an raba su. Na sassauta sukuru ɗaya, na yanki tsohon katin shago na zura shi tsakanin allon da inda yake taɓa ciki. Na ba shi wuta. Na danna maɓallan kira.

Sai ga harafi ɗaya ya fito yana ƙiftawa, yana jiran umarnina.

Na ce, "Sannu da zuwa," da ƙarfi, ni kaɗai a ɗaki.

Na umarce shi ya tsayar da injinsa, ya tsayar. Saura wurin da ake asara. Dole in zare katin in ɗaure sukurun alhali wuta na jikinsa. In bakin sukundireba ya goce ya taɓa inda bai kamata ba, allon ya ƙone, kuma allon wani ba ya zama a madadinsa haka kawai. Fuskar wata tsohuwa da ban taɓa gani ba nake hangowa, na ba ta irin goshinsa da irin murmushinsa. Na ajiye sukundireba, na goge tafina a jikin riga, na yi addu'a, na yi wa Hajiyarsa, na yi wa Innata. Sannan na zare katin a hankali, na ɗaure.

Ba tartsatsi, ba ƙauri.

Na ce ya tayar da injin, na ji ya ɗauka a ƙarƙashin yatsana. Na share littafin nan da ya riƙe shi. Na kashe, na ƙirga goma, na kunna, na ba shi umarni na ƙarshe, ya sake gina taswirar da yake gane inda ya ajiye komai. Wannan ba a katse shi ko gini na faɗuwa. Minti bakwai allo bai motsa ba, ni ma ban motsa ba. Da rubutun ya fito cewa ya gama, na mayar da shi kan kebul na yau da kullum, sai kwamfuta ta kira shi da sunansa da cikakken girmansa.

Na rubuta masa, "Ya tashi." Hawaye na ɗiga a kan wayar.

Ya ɗan jima kafin ya amsa, abin da bai saba ba. "Allah ya yi miki albarka, Injiniya."

Faifan da ya taɓa suma ba a sake yarda da shi, don haka Alhamis gaba ɗaya kwafe shi na yi zuwa wani sabo, gida-gida, ina kallon ƙananan akwatuna suna komawa kore. A irin wannan kwafin ba na ganin sunan komai, kuma da gangan ne. Dokar Maigidana ce da ban taɓa karyawa ba: ba a buɗe kayan mutum sai yana zaune. Shi zai faɗi abu uku da ya san suna ciki, a nemo a buɗe a gabansa. In sun buɗu, aiki ya yi. Yakan ce mai gyara baƙo ne a ɗakin mutane, ba ya ɗaga labule.

Ba zan ɓoye muku ba, a ranar na riga na yanke. E zan ce wa Goggo. Har na fito da rigata mai ruwan zuma da ban taɓa sawa ba na goge ta.

Juma'a da la'asar ya zo. Ya kalli rigar, ya kawar da kai da sauri. Na ja masa kujera kusa da tawa, ba can nesa ba, na juyo masa da allon.

"To, faɗi abu uku."

"Uku kamar yaya?"

"Abu uku da ka san suna ciki. Sunan jaka, ko hoto, ko wani bidiyo. Haka muke tabbatarwa."

Ya ƙura wa allon ido. Na ɗauka kewa ce ta shaƙe shi, na ce, "Ko ɗaya ma ya isa. A wace jaka ka sa na Hajiya?"

"Ki buɗe… hotuna."

Na buɗe. Wata mata ce doguwa a gaban wata mota ja, tana riƙe da jariri. Na wuce. Wani mutum mai saje yana fenti a ɗaki. Yara biyu a cikin baho. Matar nan kuma, tana dariya ta kare fuska da hannu.

"Wace ce wannan?"

"Ban san ta ba."

"Shi fa?"

"Injiniya, ban san kowa a ciki ba."

Ya cire tabarau, ya mayar, ya sake cirewa.

"A wurin 'yan gwangwan na saye shi," ya ce, muryarsa can ƙasa. "Na ce su ba ni wanda ya gagari kowa, don ya daɗe a hannunki. Yayanki ne ya ce min, ke fa ba kya magana da mutum sai in ya kawo miki abin da ya mutu. Wata shida ina zuwa ban san muryarki ba. Na ji an ba ki zuwa Juma'a, na ce kar a yanke min hukunci ba a taɓa jin ta bakina ba."

"Ka ce na Hajiya ne."

"Ban ce ba."

"Na tambaye ka, ka sunkuyar da kai!"

"Na yi," ya ce. "Wannan kam na yi. Kullum ina cewa yau zan faɗa miki, sai saƙonki ya shigo, in kasa."

Ban san ina da murya irin wannan ba sai ranar. Na ce masa na yi wa mahaifiyarsa addu'a a kan wannan ƙarfen. Na ce ya ɗauki maraicina ya yi makulli da shi. Na ce kwana huɗu ina jin karon farko wani yana buƙatata a duniya, ashe wasa ake da ni, har da Yaya a masu ba da shawara. Bai kare kansa ba, kuma wannan ya ƙara ƙona min rai, don na so ya yi musu in samu abin kamawa.

Na nuna allon. "Wannan kuma na wasu ne. Suna can sun haƙura, an ce musu ya mutu. Kai ka saye su a kilo."

Ya kalli matar da jaririnta ya daɗe. Sannan ya miƙe, ya ce, "Ki yafe min," ya fita. Na ji takunsa a baranda, na ji a matakala, har na daina ji.

Ga abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku. Bayan ya tafi na karya dokar Maigidana. Shirun ɗakin ne ya yi min yawa, na danna wani bidiyo. Wani siririn lungu ne na cikin gida, jaririn nan ya fara tsayuwa, yana dafe da bango. Matar ce ke riƙe da kyamara, ba a ganin ta, muryarta kawai ake ji. "Taho, taho, ga ni nan. Saki bangon, ga ni nan." Ya saki, ya yi taku biyu, ya faɗi, gidan ya kaure da dariya. Sau biyar na kalla, ina zaune cikin rigata mai ruwan zuma, ina kuka a cikin gidan mutanen da ba su san ina duniya ba.

Kuma in gaya muku gaskiya, ba ƙaryar ce ta fi ci min rai ba. Wayata ce da ke kife a kan tebur tun ɗazu ba ta motsa ba. Faifai ya tashi, ba ni da sauran dalilin rubuta wa kowa komai.

Rana ta yi sanyi, mai labule ya fara jan ƙofarsa, sai wayar ta yi ƙara. Saƙon Yaya ne. "Auta, Goggo ta iso tun ɗazu. Kina ina?"

Ban gama karantawa ba na Mai Tabarau ya shigo a kansa.

"Ina wurin ɗan gwangwan. Ya tuna shagon da ya kwaso shi, ya ce wata doguwar mata ce ta bar shi can. Gobe zan fara bi har in same ta. Ko kin ce a'a zan je. Amma ni ban san irin tambayar da ake yi ba, ke kika sani."

Na karanta sau uku. Raina bai huce ba, ko kusa. Yatsana dai ya rubuta, "Ƙarfe nawa?" ya tura kafin in hana shi.

Nan take kiran Yaya ya shigo. Na share fuskata da gefen mayafi na ɗaga, sai na ji ba muryarsa ba ce.

"To, Auta," in ji Goggo. "Ga ni ga yayanki. Muna jin ki."